Tarihin Tantance Sarauniyar Tururuwa

Tantance jinsin tururuwa ya kankama a 1758, lokacin da Carl Linnaeus, masanin Suwidin, ya bayyana jinsi 17, ya haɗa su duka ƙarƙashin suna guda, Formica. A ƙarni na 19 Gustav Mayr na birnin Vienna, da Auguste Forel na Suwizalan, da Carlo Emery na Italiya suka rarraba su dalla-dalla.

Galibin aikinsu ya dogara kan ma'aikatan tururuwa, domin su ake samu birjik. Sarauniya kuwa ta fi su girma, ƙirjinta kakkaura ne saboda naman fukafukai, kuma bayan barbara takan karye fukafukanta ta nemi rami. Kamanninta ya sha bamban da na 'ya'yanta, har ya rikita masana.

Kwarkwasa ce ta fi ba su wahala. A 1764 Linnaeus ya ga namijinta, ya ɗauka wani nau'in zanzaro ne. Daga baya aka raɗa wa ma'aikatanta suna dabam, sarauniyarta ma wani masani mai suna Gerstaecker ya ba ta nata a 1863. Sai da aka same su a gida ɗaya aka tabbatar dangi guda ne, Dorylus.

Littafin tantance tururuwa da Barry Bolton ya wallafa a 1994, wanda ya zama madogara a duniya, shi ma kan ma'aikata aka gina shi. Don haka har yau wanda ya kama sarauniya a daji yakan duba girmanta, da gaɓoɓin ƙugunta, da watan da ta tashi, sannan ya jira ma'aikatan farko su ƙyanƙyashe. Tun daga 2003 gwajin DNA ya fara rage wannan jira.