Matan da Suka Aza Harsashin Sana'ar Fim: Daga Faris zuwa Alƙahira

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin fim, sunayen da zai fara cin karo da su sanannu ne: Edison a Amurka, ƴan'uwa biyu Lumière a Faransa, sai Méliès da Griffith da Chaplin. Daga nan mai karatu yakan ɗauka cewa maza ne suka haifi wannan sana'a suka rene ta, mata kuwa baƙi ne da suka shigo daga baya. Takardun kamfanonin farko da faya-fayen da suka tsira sun nuna akasin haka. A shekaru talatin na farko, mata sun rubuta labari, sun ba da umarni, sun tace hoto, sun kuma mallaki kamfanoni. Wannan maƙala za ta dubi yadda suka samu shiga, da dalilin ture su gefe, da yadda sunayensu suka ɓace.

Alice Guy: daga teburin sakatariya zuwa shugabanci

An haifi Alice Guy a 1873 kusa da birnin Faris. A 1894 ta kama aikin sakatariya a wani kamfanin sayar da kayan ɗaukar hoto, ƙarƙashin Léon Gaumont. A watan Maris na 1895 ta halarci zaman da ƴan gidan Lumière suka nuna sabuwar na'urarsu, inda aka ga ma'aikata suna fitowa daga masana'anta. A lokacin, kamfanoni irin na Gaumont sun ɗauki hoto mai motsi a matsayin tallar na'ura kawai. Alice ta hango cewa za a iya ba da labari da shi. Kamar yadda ta rubuta a tarihin rayuwarta, Gaumont ya ba ta izinin gwadawa bisa sharaɗin kada aikin ofis ya tsaya.

Wannan sharaɗi ya bayyana sirrin zamanin. An bar mata ƙofa a buɗe ne saboda babu wanda ya ga daraja ko riba a cikin aikin. Fim ɗinta La Fée aux choux, wato Aljanar Kabeji, yana cikin fina-finan ƙagaggen labari na farko a duniya. Ita ta ce ta ɗauke shi a 1896, kwafin da ya tsira kuwa na 1900 ne. Ta shugabanci sashen shirya fina-finai na Gaumont kusan shekaru goma. Ta ɗauki gajerun fina-finai masu sauti fiye da 100 da wata na'ura mai haɗa hoto da faifan murya, tun kafin duniya ta san fim mai magana. A 1906 ta shirya fim kan rayuwar Annabi Isa (AS) bisa ruwayar Kiristoci, mai fitowa 25 da ƴan wasa kusan 300, abin da ya zama gagarumin aiki a wancan lokaci.

Bayan aurenta da Herbert Blaché a 1907 ta koma Amurka, inda ta kafa kamfanin Solax a 1910. A 1912 ta gina katafaren gidan ɗaukar fim a garin Fort Lee, wanda ya ci fiye da dala 100,000. A shekarar ce kuma ta fitar da A Fool and His Money, wato Wawa da Kuɗinsa, wanda dukan ƴan wasansa baƙaƙen fata ne.

Lois Weber da tsararta

Alice ba ita kaɗai ba ce. A Amurka, Lois Weber, haifaffiyar 1879, ta kai matsayin da ake jera sunanta da na Griffith. Ta mayar da fim wurin tattauna matsalolin al'umma: a 1916 kaɗai ta fitar da fim kan ƙayyade haihuwa, da wani mai suna Shoes, wato Takalma, kan wata yarinya mai aikin kanti wadda albashinta bai isa ya saya mata takalmi ba. A 1917 ta buɗe kamfaninta. A 1919 ƴar wasa Mary Pickford ta shiga cikin mutane huɗu da suka kafa United Artists domin su riƙe ribar aikinsu a hannunsu. A Jamus kuwa, Lotte Reiniger ta kammala fim kan Yarima Ahmad a 1926, wanda ta ɗauko daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, ta hanyar yanka siffofi da almakashi. Shi ne dogon fim ɗin zane mafi tsufa da ya rage a duniya.

Yadda ƙofa ta rufe

Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya al'amura suka sauya. Fina-finai suka ƙara tsawo da tsada, bankuna suka zuba jari, manyan kamfanoni irin su Paramount suka mallaki gidajen sinima masu yawa. Ƙaramin kamfani zai iya kammala fim amma ya rasa inda zai nuna shi. Aka kuma karkasa aikin sashe-sashe kamar masana'anta, aka mayar da mai ba da umarni tamkar kwamandan runduna, masu jari kuwa ba su yarda su danƙa wa mace wannan muƙami ba. Zuwan fim mai magana a 1927 ya ƙara nauyin kuɗin.

Alice Guy ta ba da umarnin fim ɗinta na ƙarshe a 1920. Aka yi gwanjon kayanta, aurenta ya mutu, ta koma Faransa a 1922, ba ta sake samun aikin fim ba har rasuwarta a 1968. Lois Weber ta rasu a 1939 cikin talauci. A shekarun 1930 mace ɗaya tak, Dorothy Arzner, ta rage tana ba da umarni a manyan kamfanonin Holiwud. An bar wa mata rubutun labari da tace hoto, musamman na biyun, domin ana kallonsa a matsayin aikin hannu mai kama da ɗinki.

Misalin Masar

Irin wannan labari ya maimaitu a Alƙahira. A 1927 ƴar wasan daɓe Aziza Amir ta shirya fim ɗin Laila a ƙarƙashin kamfaninta, ta kuma fito a cikinsa. Masana da yawa suna lissafa shi a matsayin dogon fim na farko na Misirawa. Asiya Dagir, ƴar asalin Labanon, ta fitar da nata a 1929. Bahija Hafiz, wadda ta ƙware a tsara kiɗa, ta biyo baya a 1932, sai Fatima Rushdi da ta ba da umarnin Al-Zawaj, wato Aure, a 1933. Da Bankin Misra ya kafa babban gidan fim na Studio Misr a 1935, sana'ar ta zama ta manyan attajirai, kujerar umarni kuma ta koma hannun maza. Wadda ta daɗe ita ce wadda ta riƙe jari: Asiya Dagir ta ci gaba da shirya fina-finai har zuwa na Salahuddin a 1963, wanda Yusuf Shahin ya ba da umarninsa.

Yadda sunaye suka ɓace

Dalili na farko shi ne kayan aikin. Zaren fim na wancan zamani yana saurin kama wuta, yana kuma ruɓewa. Binciken Laburaren Majalisar Dokokin Amurka na 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa murya sun salwanta. Na biyu, fina-finan farko ba su ɗauke da sunayen waɗanda suka yi su. Na uku, masu rubuta tarihi: tarihin kamfanin da Gaumont ya rubuta a 1930 bai ambaci Alice ba, wasu marubuta kuma suka jingina fim ɗinta na 1906 ga mataimakinta Victorin Jasset. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Littafin tarihin rayuwarta bai samu fitowa ba sai a 1976, shekaru takwas bayan mutuwarta.

Kammalawa

Tarihin waɗannan mata ya nuna cewa basira kaɗai ba ta wadatar da mai ita. Makomarsu ta rataya ne a kan wanda yake riƙe da jari da wanda yake riƙe da alƙalami. Ɗalibin Hausa yana da rabo a wannan darasi. Fina-finan bidiyo na Hausa da suka fara bunƙasa a Kano daga 1990 an ɗauke su ne a kan kaset, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura. Matan da suka rubuta labaransu ko suka zuba kuɗinsu, da yawansu suna raye. Tattara bayanansu daga bakinsu aiki ne da ya kamata a yi tun suna iya bayarwa.