Ahmed Musa, Tauraron da Ya Dawo Gida Sau Biyu

A gidajen kallon ƙwallo na Talata Mafara da Bakura da Maradun, musun samari yawanci a kan Real Madrid da Barcelona yake ƙarewa, ko Arsenal da Manchester United. Da wuya ka ji an ɗaga murya saboda gasar cikin gida. Amma idan aka ambaci Ahmed Musa, mai bin gasar Ingila ya san shi, dattijon da ke jiran sakamakon wasannin Najeriya a rediyo shi ma ya san shi, kuma da wuya a samu mai kushe shi a cikinsu.

An haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ce ta yi ɗawainiyarsa. Ya fara a makarantar ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH ta Jos, daga nan sai Kano Pillars a kakar 2009/10. A wancan lokacin Zamfara United ma tana cikin babbar gasar ƙasa, saboda haka masu bin ƙwallon gida a jihar Zamfara sun san labarin yaron tun kafin Turai ta ji sunansa. Siriri ne, ga gudu. Ya jefa ƙwallo 18 a kakar, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990, Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Shekararsa 17 kacal. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta saye shi, amma dokar FIFA ta sa sai da ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga mata. A wannan shekarar ce kuma ya fara saka rigar Super Eagles.

Shekarunsa a CSKA Moscow, daga Janairu 2012, su ne ganiyarsa. Ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. Yana cikin tawagar da marigayi Stephen Keshi ya kai Afirka ta Kudu ta ɗauko kofin Afirka a 2013. Sai ranar 25 ga Yuni, 2014, a birnin Porto Alegre na Brazil. Messi ya ci Najeriya a minti na 3, kafin mutane su gama salati Musa ya farke a minti na 4. Messi ya ƙara dab da hutun rabin lokaci, ana dawowa Musa ya sake farkewa. Ajantina ce ta yi nasara da ci 3 da 2, amma daga ranar ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci biyu a wasa ɗaya a gasar cin kofin duniya. Bayan shekara huɗu ya maimaita a Volgograd, ranar 22 ga Yuni, 2018, inda ya zura wa Iceland biyu. Ta farkon, wadda Victor Moses ya bugo masa ya tare da ƙafa a sama ya ɗirka kafin ta zauna, har yau ana nuna ta. Ƙwallo huɗu ke nan a kofin duniya, kuma babu ɗan Najeriyar da ya kai haka.

Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai Leicester. Ƙungiyar ta saye shi a Yuli 2016 kan kusan fam miliyan 16, kuɗin da ba ta taɓa biya a kan wani ɗan wasa ba kafin lokacin, tana ɗauke da kofin Firimiya. A wasan sada zumunta ya ci Barcelona biyu, aka ɗauka an yi dace. Abin bai yi armashi ba. Ƙwallo 2 kawai ya ci a gasar Firimiya, aka sallami Claudio Ranieri da ya kawo shi, ya koma zaman benci, daga baya aka mayar da shi CSKA aro. Ya wuce Al-Nassr ta Saudiyya a 2018, ya ɗauki kofin gasar ƙasar a 2019, suka rabu a Oktoba 2020. Wata shida ya yi ba shi da ƙungiya.

Abin da ya yi daga nan shi ne dalilin wannan rubutu. A Afrilu 2021 kyaftin ɗin Najeriya, yana ɗan shekara 28, ya sa hannu a Kano Pillars. Sai wanda ya san halin gasarmu zai gane girman wannan mataki: filaye marasa kyau, doguwar tafiya a mota daga Kano zuwa Kudu, albashin da ake bin bashinsa, alƙalan wasa da ke aiki cikin fargaba. Taurarinmu idan sun ƙetare teku ba sa waiwayen wannan gasa sai ƙafa ta mutu. Marigayi Rashidi Yekini ya buga wa Gateway a 2005, amma lokacin ya haura 40. Musa ya zo da sauran ƙarfinsa. Gaskiya ne yana bukatar wasa don kada ya rasa gurbinsa a tawagar ƙasa, kuma bayan wata uku ya tafi Turkiyya, inda ya buga wa Fatih Karagümrük, sannan Sivasspor. Masu cewa zangon wucin gadi ya yi suna da hujja a lokacin. Amma a Oktoba 2024 ya sake dawowa, wannan karon da niyyar zama, ya ci Sunshine Stars biyu a wasansa na farko. Ya tarar da Rabi'u Ali Pele, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Pillars, kuma Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato shi ma ya komo ƙungiyar a wannan kaka. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya riƙa cika maƙil, ana ta kirarin ƙungiyar, "Sai Masu Gida".

Ƙasar Zamfara da Sakkwato ta san jarumta, kuma ta saba ganin ta da kirari. Ɗan dambe yana shiga fage yana cika baki, makaɗi na zuga shi, kuma da bakin makaɗi Ɗan Anace sunan ɗan dambe Shago ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Musa bai zo da wannan salo ba, kuma inda halinsa ya fi fitowa shi ne gasar kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024. Shi ne kyaftin, shi ya fi kowa yawan buga wa ƙasar wasa, ya wuce Joseph Yobo da Vincent Enyeama masu 101 kowannensu. Duk da haka koci José Peseiro bai saka shi ko na minti ɗaya ba, tun daga wasan farko har na ƙarshe da Najeriya ta sha kashi da ci 2 da 1 a hannun masu masauki. William Troost-Ekong ne ya ɗaura kambun kyaftin a fili. Wasa bakwai Musa ya yi a benci, ba a ji ya kai ƙara gaban 'yan jarida ba, ba a ga ya ɓata rai ba, sai ƙarfafa wa ƙannensa gwiwa. A tarihin tawagar da rikicin manyan 'yan wasa da masu horarwa ya sha tarwatsawa, ni a wurina wannan haƙuri ya kai darajar ƙwallayen Porto Alegre.

Alherinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ya gina cibiyar wasanni a Kano a 2017. A 2022 da labari ya bazu cewa Kingsley Obiekwu, ɗaya daga cikin waɗanda suka ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, yana tuƙin motar haya don ciyar da iyali, Musa ya aika masa naira miliyan 2.

A Yuli 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa shi babban manajan Kano Pillars, alhali yana cikin 'yan wasanta. Karramawa ce babba, amma tana ba ni tsoro. Ɗan wasa yana ƙarƙashin koci, koci yana ƙarƙashin manaja, to yaya za a yi idan mutum ɗaya ne a sama da ƙasa? Wane koci ne zai iya ajiye maigidansa a benci ranar da ƙafarsa ta yi nauyi? Ba a jima ba nauyin kujerar ya bayyana. A Oktoba 2025, bayan kunnen doki da Shooting Stars a Kano, wasu magoya baya suka afka cikin fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar ta ci ƙungiyar tara, ta zaftare mata maki uku, ta mayar da wasanninta na gida Katsina. Musa ne ya fito ya ba da haƙuri a kan laifin da ba shi ya aikata ba. A Disamba kuma ya sanar da ajiye rigar Super Eagles bayan shekara 15.

Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa ƙaramar gasa a 2022, ta hauro a 2023. Magoya bayanta kofi suke so, kuma ba su da dogon haƙuri da shugabanni. Ƙungiyar mallakar gwamnatin jiha ce, kuɗinta daga baitulmali yake fitowa, shugabancinta kuma yakan sauya idan gwamnati ta sauya ko ra'ayinta ya juya. Musa ya haura shekara 33, kwanakinsa a cikin fili sun kusa ƙarewa, kujerar manajan kuwa naɗi ce ta gwamna, ga zaɓen 2027 yana tafe.