tun

tun [tun: sautin sama, gajeren wasali] *mhɗ.*, ba jinsi, ba jam'i.

1. Mafarin lokaci: *tun 1837 kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake Wurno.*

2. tun dà (a) daga sa'ad da: *tun da suka tafi Rabah ba mu ji ɗuriyarsu ba.* (b) saboda, da yake: *tun da sun tafi, mu ci tuwonmu.* Lura: ta lokaci tana jawo *suka*, ta dalili *sun*. Musanya su yana juya ma'ana, a kiyaye.

3. tun bà … ba kafin: *Baba, a kwashe albasar Goronyo tun ruwa bai sauka ba.*

4. tun … har: *tun yana gardama har ya sallama.*

*Dang.* tuni, tuntuni. *Dubi* kafin, don.