Tarihin Kayak da Ɓarayinsa: Me Ya Sa Matuƙan Teku Ke Mai da Sata Abin Raha?

Kayak wani siririn kwalekwale ne mai cin mutum ɗaya, rufaffe daga sama in ban da ramin da matuƙi ke zura ƙafafu ya zauna, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Masu shiga teku da shi a yau, daga gaɓar Sikotlan zuwa ta Kanada da Ostireliya, suna da wata ɗabi'a mai ɗaure wa baƙo kai. Idan filafilin wani ya yi ɓatan dabo a bakin ruwa, ko rigar ceto, ko famfon kwashe ruwa, kafin a yi masa jaje sai an yi masa tsiya. Wani ya ce kayan sun gaji da mugun tuƙin mai su ne suka sake ubangida, wani ya ɗora laifin a kan dabbobin teku, wani kuma ya rantse cewa aro ya yi, faɗa ne kawai ya manta. Mai kallo daga nesa zai ɗauka mutanen nan ba su san darajar kayansu ba. Ni a ganina akasin haka ne. Jama'ar da rayuwar kowa a cikinta ke hannun ɗan'uwansa ba ta iya ɗaukar gaba, don haka sai ta nemi hanyar hukunta mai laifi ba tare da ta rasa shi ba, kuma dariya ce hanyar. Tarihin jirgin kansa shi ne shaidata.

Asalin kayak na mutanen ƙarshen arewacin duniya ne, Inuwit na Girinlan da Kanada da danginsu na Alaska. A Girinlan babu dajin da za a sari katako, sai itacen da teku ta turo gaɓa. Da shi namiji ke haɗa ƙashin jirgin, yana ɗaurewa da jijiya ba ƙusa, mata kuma su ɗinka masa fatar sil, wata dabbar teku mai kitse wadda ita ce nama, ita ce tufa, ita ce man fitila. Ba a ƙera kayak don kasuwa. Da jikin mai shi ake auna shi: tsawonsa wajen gaba uku na mai jirgin, faɗinsa ƙugunsa da ƙarin dunƙulen hannu biyu, bakin filafili kuma daidai abin da tafin hannunsa zai iya riƙewa. Ruwan da ake farauta a cikinsa yana dab da daskarewa, wanda ya faɗa ciki ba ya daɗewa. Shi ya sa mafarauta suka ƙware wajen miƙar da jirgi idan ya kife ba tare da sun fita daga ciki ba. David Crantz, ɗan mishan da ya wallafa tarihin Girinlan a 1765, ya lissafa hanyoyi goma na yin haka, har da na wanda filafili ya kuɓuce masa, sai ya yi amfani da ɗan katakon jifan mashi ko tafin hannu. A irin wannan wuri, ɗauke wa mutum filafili daidai yake da ɗauke wa gidansa abinci.

To, yaya mutanen da ba su da sarki, ba alƙali, ba gidan yari, suke yi da mai taɓa kayan wani? Hinrich Rink, wanda ya yi wa Denmak aikin mulki a Girinlan, ya rubuta ƙa'idojinsu a ƙarni na 19. Wanda ya tsinci itace a teku, ya jawo shi sama da inda ruwa ke kaiwa ya ɗora masa duwatsu, ya zama nasa, ko da gidansa na nesa ba mai taɓawa. Wanda kuma ya ari makami ko kayan aiki ya lalace a hannunsa, ba dole ne ya biya ba, don ana ganin mai bayar da aro rara gare shi. Wato abin da mutum ke rayuwa da shi haramtacce ne ga kowa, abin da ya wuce buƙatarsa kuwa jama'a na da haƙƙi a ciki. Idan rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai a kai ta dandalin ganga. Mai ƙara da wanda ake ƙara su tsaya gaban jama'a, kowa ya buga gangarsa ya rera waƙar zambo a kan ɗan'uwansa, ya tona rowarsa, da ragwancinsa a farauta, da ɗan halinsa. Wanda ake yi wa zambo dole ya daure har a zo kansa, in ya fusata ya faɗi. Dariyar 'yan kallo ita ce hukunci. Mai bincike Gustav Holm ya tarar da al'adar da ranta lokacin da ya yi zaman hunturu a Ammassalik, gabashin Girinlan, daga 1884 zuwa 1885, kuma masanin shari'o'in gargajiya E. Adamson Hoebel ya lissafa ta a littafinsa na 1954 a matsayin shari'a sosai, ba wasa ba. Mafi yawan ƙararrakin a kan mata ne, amma kowane irin ƙorafi na iya zuwa dandalin. Hikimar a fili take: ƙauyen da mafarautansa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, in ya kori ɗaya ko ya kashe, ya rage hannun da ke ciyar da shi.

Sata ta gaske, wadda babu ganga babu dariya a cikinta, daga waje ta zo. A 1576 Baturen Ingila Martin Frobisher ya isa tsibirin Baffin yana neman hanyar ruwa zuwa Sin. Bayan mutanensa biyar sun ɓace, sai ya yaudari wani mafarauci da ƙararrawa, da mutumin ya matso ya miƙa hannu, aka fizgo shi har da kayak ɗinsa zuwa cikin jirgi. Bai daɗe da isa Landan ba ya mutu. A shekarar da ta biyo baya Frobisher ya sake kamo mutum uku, namiji da mace da jariri. Namijin, wanda ake kira Kalicho, an sa shi ya nuna wa mutanen Biristol tuƙi da farautar agwagi a kan kogin Avon, kafin shekara ta ƙare shi ma ya rasu. Jiragen da Sarkin Denmak Christian na huɗu ya aika a 1605 sun dawo Kofenhagen da kamammun mutane da jiragensu. A garin Hull na Ingila har yau akwai kayak da aka kawo a 1613, kuma Jami'ar Aberdeen na ajiye da wani, wanda aka ce an tsinci mai shi a gaɓar Sikotlan a farkon ƙarni na 18, ya mutu bayan 'yan kwanaki. Wasu daga cikin tsofaffin kayak mafiya daɗewa da suka rage a duniya suna gidajen tarihin Turai ne ta irin wannan hanya.

Daga nan sai jirgin farauta ya koma jirgin shaƙatawa. A 1865 wani lauya ɗan asalin Sikotlan, John MacGregor, ya sa aka ƙera masa na katako mai tsawon ƙafa 15, ya zaga kogunan Turai da shi, ya rubuta littafin tafiyar a 1866, ya kuma kafa ƙungiyar matuƙa a wannan shekarar. Sunan da ya raɗa wa jirgin shi ne Rob Roy, sunan wani ɗan zuriyarsu da ya rasu a 1734, wanda duk Sikotlan ta san shi da korar shanun mutane. Ko da gangan ko ba da gangan ba, wasan ya fara ne da jirgi mai sunan ɓarawon shanu. A Jamus Johann Klepper ya fara sayar da kayak mai naɗewa a 1907. Mai bincike Gino Watkins da abokan tafiyarsa sun koyi miƙar da jirgi daga bakin mutanen gabashin Girinlan a 1930 zuwa 1931, shi kansa kuma ya ɓace a can a 1932, aka tsinci jirginsa babu kowa ciki. A 1936 tseren kayak ya shiga gasar Olamfik a Balin. A 1959 wani ɗalibi ɗan Sikotlan, Ken Taylor, ya dawo daga ƙauyen Illorsuit da kayak ɗin da Emanuel Korneliussen ya ƙera masa. Aka auna shi, aka zana, zanen ya bi hannu zuwa hannu har ya zama samfurin kayak mai suna Anas Acuta, wanda kamfanin Valley ya fara fitarwa a 1972, daga wannan kamfani kuma samfurin Nordkapp ya fito a 1975, jirgin da aka zaga Cape Horn da shi a 1977. Wannan ba sata ba ce, don Korneliussen da hannunsa ya ƙera wa baƙonsa. Amma kowane mai tuƙa kayak a teku yau yana zaune ne a cikin basirar wasu, kuma masu sanin tarihi a cikinsu sun san haka. Wanda jirginsa gaba ɗaya aro ne, da wuya ya cika tada jijiyar wuya a kan igiyar da abokinsa ya ɗauka.

Za a iya cewa na haɗa abin da bai haɗu ba, don babu wata silsila da ta taso daga dandalin gangar Ammassalik zuwa ƙungiyoyin matuƙa na Turai. Gaskiya ne, ba gado ba ne, kuma 'yan mishan sun yaƙi al'adar gangar tun kafin wasan ya yaɗu. Abin da nake cewa shi ne yanayi iri ɗaya yana haifar da dabara iri ɗaya. Matuƙan yau ba abinci suke nema ba, amma teku ba ta canza hali ba. Idan jirgin mutum ya kife nesa da gaɓa, abokin da ke kusa ne zai riƙe masa jirgin, ya zubar da ruwan, ya taimaka masa ya koma ciki, ko ya ja shi da igiya in ya gaji. Kayansu kuma duk kama suke da juna, baƙaƙen filafilai a jere kan yashi, ga gajiya, ga sanyi, ga duhu na gabatowa. Mafi yawan abin da ake kira sata a irin wannan wuri kuskure ne, ko mantuwa, ko kuma ruwa ne ya cika da dare ya kwashe abin da ba a ɗaure ba. Wanda ya kira ɗan'uwansa ɓarawo da gaske a kan haka, gobe a tsakiyar ruwa da wane ido zai dube shi? Tsiya kuwa tana isar da saƙo biyu a lokaci guda: mun lura, kuma ƙofa a buɗe take ka mayar ba tare da ka zubar da mutunci ba. Bahaushe bai kamata abin ya zame masa baƙo ba, don taubashi na iya fizge maka hula a bainar jama'a ku yi dariya, alhali in bare ya yi haka sai an kai ruwa rana. Irin wannan wasan barkwanci ne UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, kamar yadda ta sa kiɗa da waƙar gangar Inuwit a 2021.

Wani kuma zai ce raha tana raina laifi, tana koya wa mai ɗan hali cewa abin ba komai ba ne. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma amsarta tana cikin tarihin da ya gabata. Dariya na zama hukunci ne kawai tsakanin mutanen da suka san juna, suke daidai, kuma gobe za su sake haɗuwa. Wanda aka yi wa zambo a Girinlan yana da damar ramawa da tasa gangar, kuma kunyar tana cizonsa ne domin ba shi da wani ƙauyen da zai koma. Mafaraucin da Frobisher ya fizgo ba shi da ganga ba shi da 'yan kallo. Haka ma a yau, filafili mai kyau kuɗi ne masu yawa, jirgi kuma ya fi haka, kuma wanda ya yanke igiya ya sauke kayak daga kan motar mutane da dare ba ɗan wasa ba ne, maganarsa ta 'yan sanda ce. Matuƙa sun san bambancin, shi ya sa suke rubuta suna da lambar waya a jikin kayansu. Akwai ma wani dalilin da ya fi na dukiya: kayak da aka tsinta yana yawo ba kowa na iya sa masu aikin ceto su fita neman mutumin da yake kwance lafiya a gidansa. Inda raha ta fi sakewa shi ne inda babu wanda za a kai ƙara, kamar labarin wata karyar ruwa mai lamba 841 da ta riƙa ƙwace allunan masu wasan hawa igiyar ruwa a Santa Cruz ta Kalifoniya a 2023, jami'ai suka yi ta bin ta ba su kama ba, mutanen gari kuma suka mai da ita gwarzuwa.

Shi kuwa babban aron, wato na kayak ɗin kansa, an fara biyansa. A farkon shekarun 1980, lokacin da jirgi mai inji ya kusa shafe kayak a Girinlan, an kai wasu tsofaffin jirage uku daga Holan aka nuna a Nuuk. Matasan da suka gan su suka nemi dattawan da suka rage don su koya musu, kuma a 1985 aka kafa ƙungiyar Qaannat Kattuffiat, wadda ke shirya gasar ƙasa, inda ake gwada hanyoyin miƙar da jirgi fiye da talatin. Daga baya an buɗe gasar ga baƙi, Turawa da Amurkawa suna zuwa su koya a hannun masu abin, su fafata a ƙarƙashin dokokinsu. Wannan shi ne sharaɗin da raha ke buƙata tun farko: kowa ya san mai kaya, kowa yana da bakin ramawa, kuma abin da aka ɗauka ana sa ran zai dawo. Inda waɗannan uku suka cika, tsiya kan filafilin da ya ɓace alama ce ta jama'a mai lafiya. Inda aka rasa ɗaya, a daina dariya a nemi haƙƙin mai kaya.