"Da Sauƙi": Yadda Likitoci Suka Koyi Auna Maganar Majinyaci

1/ Je ka duba marar lafiya a Jega ko Maiyama, ka ce "ya jiki?" Ko nishi yake, zai ce maka "da sauƙi, alhamdu lillah." To in kowa da sauƙi yake, ta yaya likita zai gane maganinsa ya yi aiki? Tambayar nan tana da tarihi. Ku biyo ni.

2/ Mu fara daga gida. Ban da albasa, Aliero ta yi suna da ɗori, daga nesa ake kawo masu karaya. Mai ɗori ba ya tsayawa kan "da sauƙi". Cewa yake: taka mu gani, ɗaga hannun. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

3/ Su kuwa likitocin asibiti sun daɗe suna dogara da abin da na'ura ta nuna: zafin jiki, hawan jini, hoton ƙashi. Amma babu na'urar da ke auna raɗaɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dole a tambaye shi.

4/ A 1974, wani likitan ciwon gaɓoɓi a Landan, Edward Huskisson, ya yi rubutu a mujallar Lancet kan wata dabara: a ja layi, wannan baki "babu ciwo", wancan baki "ciwo mafi tsanani", majinyaci ya sa alama inda nasa yake.

5/ A 1975, Ronald Melzack na Jami'ar McGill a Kanada ya fito da takardar tambaya mai kalmomi 78 na siffanta ciwo. Mu ma ai muna da namu: zogi daban, suka daban, raɗaɗi daban.

6/ Sai wata matsala ta ɓullo. A ce an gwada magani kan dubban mutane, ciwo ya sauka daga 7 zuwa 6.7 cikin 10. A lissafi, an samu canji. Amma mutumin da ke kwance bai ji komai ba wallahi. Kamfani na murna, shi yana juyi.

7/ A 1989, Jaeschke da Singer da Guyatt na Jami'ar McMaster, can Kanada, suka ba abin suna: mafi ƙanƙantar canjin da majinyaci da kansa zai ce ya amfane shi.

8/ Ga yadda suka yi: masu ciwon huhu da na zuciya suka cika takardar tambaya, daga baya aka tambaye su, "ka fi da, ko kana nan, ko ya ƙaru?" Aka gwama amsar da makinsu. A ma'auni mai hawa 7, kusan rabin maki ne iyakar.

9/ A 2001, John Farrar da abokan aikinsa a Amurka suka yi wa ma'aunin ciwo na 0 zuwa 10 irin wannan. Sakamako: sai ciwo ya ragu da kusan maki 2, ko kashi 30 cikin 100, kafin mutane su ce lallai sun samu sauƙi sosai.

10/ Duk wannan da Turanci aka yi shi. A 'yan shekarun nan ne masana gashin ƙashi a Jami'ar Bayero, Kano, suka fassara irin waɗannan ma'aunai zuwa Hausa, suka gwada su kan masu ciwon baya, har da waɗanda ba su yi boko ba.

11/ Me ya shafe ka? Aljihunka da jikinka. Manomi zai sayar da buhun albasa, ya yi wata uku yana sayen magani, yana cewa "da sauƙi" don kunya. Likita ya ɗauka aiki na tafiya, ya ce a ci gaba.

12/ Mu koma Aliero. "Taka mu gani" da tambayar 'yan McMaster hanya ɗaya suka bi: a ɗaura sauƙi a kan abin da mutum ya iya yi yau wanda jiya ya gagare shi.

13/ In ka kai Baba ko Inna asibiti, taimaka musu: "Makon jiya ciwon 8 ne, yau 5. Da a zaune take sallah, yanzu tana ruku'u." Godiya ga Allah tana nan daram, amma likita lamba yake nema.