Zanen Bango a Birnin Zariya: Na Wane Ne, Me Doka Ta Ce?

Daga Ƙofar Doka zuwa fadar Sarkin Zazzau, bangaye na ɗauke da zane iri biyu: adon magina na gargajiya, mai dagi da takobi, da kuma rubutun fenti na siyasa da talla. Doka ba ta yi musu kallo ɗaya ba.

Adon magina tsohuwar sana'a ce a Zazzau. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, cikin shekarun 1830. A al'ada, maigida ke kiran gwani ya biya shi ladansa, adon kuma ya zama martabar gidan.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta raba abu biyu. Bango na maigida ne, amma haƙƙin kwafar zanen da cin ribarsa na wanda ya ƙirƙira shi ne, sai in ya miƙa shi a rubuce. Haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Siffofin da aka gada kaka da kakanni kuwa, irin su dagi, suna cikin kayan al'adar jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ke kula da su.

Yin zane ba da yardar mai bango ba wani lamari ne daban: ana iya ɗaukarsa ɓarnar dukiya a ƙarƙashin dokar final kod ta Jihar Kaduna. Ganuwar Zariya kuma tana cikin kayan tarihin ƙasa, kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta haramta ɓata su.

A Amurka, kotu ta umarci wani mai gini a New York a 2018 ya biya masu zane 21 dala miliyan 6.75, saboda ya shafe ayyukan da suka yi da izininsa.

A Zariya, abin da ya fi cinye tsohon ado shi ne damina da siminti. Gidan da ba a ayyana shi cikin kayan tarihi ba, magada na iya rushe shi, adon ya bi ƙasa.