Takardun Kafuwar Daular Sakkwato da Amfanin Nazarinsu: Duba Daga Ƙasar Haɗeja



Gabatarwa

Kowace al'umma da ta kafa mulki tana da dalilan da ta dogara a kansu, amma ba kowace ce ta yi dacen rubuta su ba. Amurkawa suna tinƙaho da takardar shelar 'yancinsu ta 1776, mutanen Ingila kuwa da Magna Carta ta 1215. To, mu ma a nan ƙasar Hausa Allah Ya yi mana wannan baiwa, domin malaman da suka kafa Daular Sakkwato sun bar littattafai da wasiƙu masu yawa, inda suka bayyana abin da ya sa suka tashi da irin mulkin da suka yi niyyar kafawa. Manufar wannan lacca ita ce a duba kaɗan daga cikin takardun nan, sa'an nan a auna su da abin da ya auku a ƙasar Haɗeja, musamman gefenta na gabas inda Guri take, wato bakin iyakar Sakkwato da Barno. A ganina, a irin wannan wuri ne ake gane nauyin takarda, domin gwajin gini yana bakin ruwa.

Takardun da abin da suka ƙunsa

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto cikin wannan shekara, Alƙalawa kuwa ta faɗi a 1808. Abin mamaki shi ne a tsakiyar wannan ɗauki-ba-daɗi alƙalami bai huta ba. Akwai Wasiƙatu Ahlis Sudan, gajeriyar takarda wadda ta jera hukunce-hukuncen hijira da naɗa shugaba da yaƙi ɗaya bayan ɗaya. Akwai Bayanu Wujubil Hijra, wanda Shehu ya kammala a 1806, inda ya faɗaɗa waɗannan batutuwa, ya kuma nuna cewa zalunci ya fi kome saurin rusa sarauta.

Amma wanda ya fi kusa da rayuwar talaka shi ne Kitabul Farƙi. A cikinsa Shehu ya lissafa ɗabi'un sarakunan da ya tarar, ya kira su da sunayensu na Hausa a tsakiyar Larabci: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, tawasa da ake karɓa wurin mahauta, da kamuwa, wato ƙwace dabbobin mutane. Daga nan ya kafa ginshiƙai biyar na mulki nagari, su ne hana sarauta ga mai nemanta, yin shawara, barin tsanani, adalci, da kyautatawa. Ya kuma ce dole a sami mataimaka huɗu: amintaccen waziri, alƙali marar tsoro, shugaban masu tsaro, da mai karɓar haraji wanda ba ya zaluntar jama'a.

Ƙaninsa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano wajen 1807, lokacin da ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya Makka saboda ɓacin ran ganin son duniya ya fara shiga zukatan jama'a. Kanawa ne suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake gudanar da mulki. Ɗan Shehu kuwa, Muhammadu Bello, ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya kuma kammala Infaƙul Maisuri a 1812. Ya kamata a lura cewa malaman nan ba daga sama suka faɗo ba. Sun yi ta kafa hujja da Shaihu Almagili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki tun ƙarshen ƙarni na 15.

Muhawarar Bello da Elkanemi

Kafin jihadi, ƙasar da muke kira Haɗeja a yau ƙananan masarautu ne, kamar su Auyo da Garun Gabas da Haɗeja kanta, kuma dukansu suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Da Ardo Umaru ya aika ƙaninsa Sambo ya karɓo tuta daga Shehu, sai yaƙi ya faɗa kan talakawan wata daula wadda sarakunanta suka musulunta ɗaruruwan shekaru kafin nan. A 1808 Birnin Gazargamu ya faɗi hannun Gwani Muktar, Mai na Barno ya nemi taimakon wani malami, Shehu Muhammadul Amin Elkanemi, wanda ya ƙwato birnin.

Elkanemi bai tsaya ga takobi ba, ya ɗauki alƙalami ya rubuta zuwa ga shugabannin jihadi yana neman dalilin wannan yaƙi. Hujjarsa ita ce mutanen Barno suna salla, suna azumi, suna ba da zakka. Ya yarda akwai cin hanci da cin dukiyar marayu da waɗansu al'adu marasa kyau, amma ya ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga addini, kuma ana samun irinsu har a Masar. Bello ya amsa da cewa laifin sarakunan Barno shi ne sun goyi bayan sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, ga kuma yanke-yanken da ake yi wa duwatsu da itatuwa.

Jama'a, abin da nake so mu kula da shi a nan shi ne, da yawa daga cikin maganganun Elkanemi a littafin Bello muka same su. Bello ya kwafe wasiƙun abokin hamayyarsa ya sa a cikin Infaƙul Maisuri, tare da amsoshinsa, ya bar mai karatu ya auna. Ga mutumin Guri, inda Bahaushe da Bamange da Babade da Bafillace suke cin kasuwa ɗaya, suke kamun kifi a fadama ɗaya, wannan muhawara maganar kakanninsa ce ta wajen uwa da ta wajen uba. Duk wanda ya karanta gefe ɗaya ya bar ɗayan, rabin tarihinsa ya sani.

Takarda da aiki

Yanzu sai mu tambaya, yaya waɗannan manufofi suka kasance a aikace? Sambo ya yi sarautar Haɗeja daga 1808 zuwa 1845. Ba da daɗewa ba bayan rasuwarsa ɗansa Buhari ya hau gado a 1848, aka zarge shi da kashe ɗan'uwansa Sarkin Auyo. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya aiko Waziri Abdulƙadir ya tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya ƙi, ya dawo da ƙarfi ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa. Da Sakkwato ta haɗa runduna daga masarautun gabas, Buhari ya fatattake ta a Gamon Gafur cikin 1853, ya ci gaba da mulki ba da izinin kowa ba har ya rasu a yaƙin Bade a 1863.

Wani zai ce wannan ya nuna takardun banza ne, tun da ba su hana abin da ya faru ba. Ni kuwa ina ganin akasin haka. Ba za mu fahimci dalilin da ya sa Waziri ya taso tun daga Sakkwato domin ran mutum ɗaya ba, sai mun san abin da littattafan suka ɗora wa Sarkin Musulmi na tsare adalci a kan sarakunan tuta. Haka kuma jangalin da Shehu ya soka bai mutu ba, ya ci gaba a zamanin sarakunan Fulani, Turawa suka zo suka tsara shi bayan sun ci Sakkwato a 1903 da Haɗeja a 1906. Da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka tashi daga 1950 suna sukar mulkin En'e, da kalmomin Shehu da Abdullahi suka riƙa kafa hujja. Ashe ke nan takardun sun zama mudu, wanda talaka yake iya ɗauka ya auna mai mulki.

Yadda ya kamata a karanta su

Akwai sharuɗɗa uku. Na farko, a tuna cewa bayanin da Shehu ya yi game da sarakunan Haɓe bayanin mai ƙara ne, saboda haka sai a haɗa shi da labaran baka da waƙoƙin fada da kirarin sarakuna, kamar yadda Dokta Yusufu Bala Usman ya yi a littafinsa na tarihin Katsina na 1981. Na biyu, a bambance littafin da ke faɗin yadda ya kamata a yi da wasiƙar da ke nuna yadda aka yi. Wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Wazirin Sakkwato a 1903, waɗanda Backwell ya buga fassararsu a 1927, misali ne na kashi na biyu, haka ma takardun maharam da sarakunan Barno suke ba gidajen malamai. Da irin waɗannan, musamman na ɗakin karatun Waziri Junaidu, Murray Last ya gina littafinsa na 1967. Na uku, a koyi Larabci da ajami, domin mai dogara da fassarar wani da bakin wani yake cin albasa.

Kammalawa

An adana da yawa daga cikin takardun nan a Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Jami'ar Ibadan. Amma waɗanda suke cikin gafakar malamai da akwatunan gidajen sarauta na ƙauyuka su ne abin damuwa, balle a ƙasar fadama irin Guri, inda ambaliya da gara da danshi ba sa ragawa takarda. Wasiƙa ɗaya ta rabon gado ko ta iyakar gona tana iya gaya mana ko shari'ar da aka tsara a Sakkwato ta iso bakin kogin Haɗeja. Don haka ina kira ga ɗalibanmu su shiga garuruwa da ladabi, su nemi izinin masu su, su ɗauki hotonsu, su rubuta inda aka samo kowace, su bar asalin a hannun magada.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.